Istaji a Yamai ko hauya a gida? Ku ba ni shawara

Ɗan_Kalfu
Salamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci kwana uku, na ce bari in kawo ta nan ko Allah ya sa wani ya hango mini abin da ban hango ba.

Ina shekara ta uku ta lisansi a Jami'ar Abdu Mumuni, fannin tattalin arziki da gudanarwa. Tun watan Maris nake yawo da takardun neman istaji (zaman koyon aiki da ɗalibi ke yi a ofis), wuri goma sha ɗaya na ajiye, har takalmina ya buɗe baki a hanyar Filato. Ranar Litinin aka kira ni daga wani kamfani mai sayar da kayan gini, suka ce in fara 1 ga Agusta, wata biyu, a sashen lissafin kuɗi. Babu albashi, babu kuɗin taksi. Tun a waya suka faɗa mini don kada in sa rai.

Na kira Baba in yi masa albishir. Ya yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke, can sai ya ce, "To, gonar fa?" Yayana yana Abijan shekara huɗu ke nan, ƙanena ya bi abokansa Aljeriya bara, saura tsoho da Inna da yara mata. Kowace shekara da an ba mu hutu nake hawa mota in je in kama hauya. Bana an yi shuka da wuri, maimai yana tafe daidai lokacin da za a fara istajin.

Baba bai ce kada in yi ba. Da ya hana ni kai tsaye da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ya miƙa wa Inna wayar. Wanda ya san tsohonmu ya san abin da wannan ke nufi.

Ga kuma abokaina biyu na ɗaki. Ɗaya Bazabarme ne da bai taɓa wuce Doso ba, tun bara na yi musu alkawari bana zan kai su Tawa. Har sun tara kuɗin mota.

Ku gaya mini tsakani da Allah: istajin da ba a biya ya kai a bar tsoho shi kaɗai a gona saboda shi? Ku da kuka yi, me kuka samu a ciki?

Hajiya_Bukoki
Wa alaikumus salam. Zauna ka yi istajinka, ɗana. Gona tana nan baɗi, wannan kiran kuwa ba lalle a sake yi maka shi ba.

Mai_Shayin_Fada
Me na samu a ciki? Na samu ƙwarewa a injin fotokopi. Har yau in ka rufe mini ido ka ba ni injin da takarda ta maƙale masa, zan ciro ta ba tare da ta yage ba.

Wata uku na yi a wani ofishi. Ranar farko na sha riga fara da takalmi mai sheƙi na aro, shef ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne sabon yaron? Ka san wurin mai dambu na bayan masallaci?" Shi ke nan aikina ya samu. Ƙarfe goma sha biyu da rabi in zagaya buro buro da ƴar takarda ina rubuta wa ke son dambu da kopto, wa ke son shinkafa da wake, wa ba ya son tonka. Akwai wata madam da in mai ya yi yawa sai na mayar. Kwamfutar da aka ce tawa ce, ranar da na kunna ta aka ce ba a ba ni lambar shiga ba tukuna, har na bar wurin ba a ba ni ba. Da na zo rubuta rahoton istaji sai da na zauna na ƙirƙiro abin da na "koya".

Je ka taya tsohonka noma. Aƙalla can in ka yi gumi za ka ga damen hatsi.

Zinariya_227
Mai_Shayin_Fada, ka ba ni dariya, amma ba kowa ne ya faɗa irin ramin da ka faɗa ba. Ni ma makon farko aike na sha. Sai na lura da wani dattijo a can ƙuryar ofis, kowa yana tsoronsa saboda ba ya dariya, shekararsa ta kusa ritaya. Kullum da safe sai in je in gaishe shi har ƙasa, in tambaye shi ko akwai takardun da zan jera masa. Kwana tara yana ce mini babu. Rana ta goma ya turo mini wani ƙaton fayil ya ce, "Ga abin da banki ya ce muna da shi, ga abin da littafinmu ya ce. Akwai bambancin jika 37. Nemo mini su."

Kwana biyu na yi ina bin layi ɗaya ɗaya da rula da fensir. Ashe wani cek ne aka rubuta a littafi, wanda aka ba bai kai shi banki ba tukuna, sai kuma kuɗin hidima da banki ya cire ba wanda ya shigar. Da na kai masa ya duba ya ce, "Hm." Wannan "hm" ɗin ta fi mini maki 18 a jarrabawa. A zauren lacca na jami'a an koya mana wannan aikin a allo, na haddace, na ci, amma ban san kamanninsa ba sai ranar nan.

Shi ne daga baya ya kira wani abokinsa ya ce akwai yarinya mai haƙuri. Inda nake aiki yanzu ke nan.

Mai_Shayin_Fada
Ke kin samu dattijo, ni madam mai ƙin mai na samu. Rabo ne.

Tsohon_Mushe
Ɗana, ni maganar istaji ban san ta ba sosai, lokacinmu da mun ƙare makarantar horon malamai anka tura mu daji da alli da rijista. Amma tsoho na san shi, don ni ma tsoho na. Maganar ga ba ta waya ba ta. Uban da ya yi maka shiru ya miƙa ma uwarka waya, ba hatsi kaɗai ad damuwarshi ba. Ɗiya ukku maza ya haihwa, biyu sun tahi, kai ɗaya ka rage mai dawowa. Abin da shika tsoro, bana ka ce istaji, baɗi ka ce aiki, daga nan sai Sallah zuwa Sallah. Ka tahi da ƙahwarka ka zamna gabanshi, ka hwaɗa mishi mine ne istaji da bakinka, da Hausa, ba da Faransanci ba. Zuwa da kai ya hi saƙo.

Umma_Ilela
Mushe ya gama magana. Allah ya ƙara girma.

Lissafi_Dole
Ni bari in kawo muku alƙalami, don kowa yana magana da zuciya. Ɗan_Kalfu, a ina za ka kwana? In a Harobanda kake, kullum sai ka tsallaka gadar Kenedi safe da yamma. Ka sa taksi biyu a rana, wata rana huɗu in ba a samu mai zuwa kai tsaye ba. Ka ƙara abincin rana, ko dambun dala hamsin ne da ruwan leda. Ka ƙara sabulu da guga, don ba za ka shiga ofis da rigar jiya ba. Ni da na yi nawa, duk matsin da na yi wa kaina, ban taɓa sauka ƙasa da jika 25 a wata ba. Wata biyu jika 50 ke nan.

Ka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Wato kai za ka kashe fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci kowane wata don a bar ka ka yi aiki kyauta. Yanzu tambayi tsoho nawa ƴan ƙwadago ke karɓa su yi masa maimai. Sai ka ajiye lambobin biyu gefe da gefe. In kana da inda za ka samo jika 50 na taksi, kana da inda za ka samo na ƴan ƙwadago. In ba ka da ko ɗaya, to muhawarar ma ba ta taso ba.

Ɗan_Kalfu
Na gode ƙwarai. Lissafi_Dole, ƙanen Inna yana unguwar Lazare, nan Yamai, ya ce in zo in zauna wurinsa, kuma yana da wani tsohon keke da ba a hawa. In na gyara taya ba ruwana da taksi. Sai dai zufa.

Tsohon_Mushe, wallahi maganarka ta taɓa ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni duk tunanina yana kan kadada nawa, mutum nawa.

Bagobira_Yar_Tsibiri
Ni abin da ya dame ni a labarin nan Bazabarmen da bai taɓa wuce Doso ba. Don Allah ku kai shi ya ga duniya, bawan Allah. Amma ku riƙe masa hannu a tasha kada ya ɓace, kuma ku gaya masa tun yanzu can ba a cewa "marje no" a kasuwa.

Harobanda_Ize
Ji Bagobira da bakin magana. Ku da kuke sauka Wadata da buhu a ka, ku yi wata shida ba ku iya "mate ni go" ba? Mu ne muka ba ku masauki, muka koya muku cin kopto. Kawo kuɗin goro kawai in yafe miki.

Bagobira_Yar_Tsibiri
Bawa ba ya karɓar goro wurin uwar gijiyarsa. Kala suru.

Direban_Dare
Tunda an zo maganar hanya. Yaro, in za ka bi shawarar Mushe, tafiyar ba wani abu ba ce. Kilomita wajen 550 ne. Ka shiga motar asuba, kafin rana ta yi zafi kun wuce Kure, in da rabo abokinka ya ga raƙuman dawa a bakin hanya. Doso, Dogon Dutsi, Konni, ku ci abinci ku yi salla, la'asar ko kafin magariba kuna Tawa in hanya ta yi kyau. Damina ce dai, wani wuri ruwa yakan ci gefen kwalta a yi ta lallaɓawa. Ka sayi tikiti tun jajibiri, lokacin hutu ɗalibai sun cika motoci. Kuma kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihun gaba, ba cikin jakar da ke ƙarƙashin mota ba, saboda shingayen bincike.

Sani_Rijiya
Ku tsaya Galmi ku saya wa Inna albasa, tsarabar da ta fi komai.

Direban_Dare
Wace Galmi kuma? Mai zuwa Tawa ba ya ganin Galmi. Da ka wuce Konni kaɗan, a Tsarnawa hanya ke rabuwa: ka yi hagu ka nufi arewa, Badagishiri, Tawa, ita ce mai wucewa har Abalak da Agadas. Malbaza da Galmi da Madawa suna kan wadda ta miƙe zuwa Maraɗi. Kuma kai wa Ba'adare albasa tsaraba ai kai wa mai rijiya ruwa ne.

Sani_Rijiya
Na karɓi gyara. Sau ɗaya na bi hanyar, kuma barci na yi.

Nana_FADEG
Tambaya ɗaya: dole ne sai a Yamai? Ni a Jami'ar Jibo Hamani nake, nan Tawa, kuma duk shekara ƴan ajinmu suna samun istaji a cikin gari. Akwai rassan bankuna, akwai baitulmali da ofishin haraji na jiha, akwai ma'aikatar magajin gari, akwai ƙungiyoyi masu ayyukan raya karkara, ga manyan ƴan kasuwa da ke neman mai riƙe musu littafi. Daga Tawa zuwa Kalfu kabu-kabu ma yana kai ka. Ka yi ofis Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kana gona. Mutanenmu sun ɗauka in ba a tsallaka kogi ba ba a yi karatu ba. Jami'ar nan tun 2010 take, amma har yau wani in ka ce a Tawa kake karatu sai ya ce "ayya".

Ɗan_Kalfu
Nana, ba raini ba ne wallahi. Shekarar da na ci bak yayana ne ya ce in tafi Yamai tunda akwai kawu a can. Maganar nema a Tawa kuwa, yau saura kwana goma sha biyu Agusta ta kama. Wata huɗu na yi kafin mutum ɗaya ya kira ni a nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nana_FADEG
Haka ne, na bana ya wuce. Amma in ka zo ka taho da kwafin takardunka ko uku, ka ajiye. Ba ka san inda za a tuna da kai ba.

Injiniyan_Tassa
Ni abin da ke ba ni haushi, yadda muke magana kamar gona wurin da ake zuwa ne in an rasa abin yi. Aikin gona na karanta, istajina na farko a wajen Badagishiri na yi shi, kan gyaran fako. Wani tsoho da bai taɓa shiga lakwal ba shi ya nuna mini yadda ake haƙa tassa: ɗan rami, ƙasar da ka fitar ka tara ta ta gangare don ta tare ruwa, ka zuba taki cikin tafin hannu biyu, gara ta zo ta huda ƙasan ta buɗe wa ruwa hanya. Wurin da ko ciyawa ba ta fita, ka dawo bayan wata biyu ka ga hatsi ya kai ƙugu. Wanda ya je Keita ya ga duwatsun da mata suka jera da hannu tun aikin da aka fara a 1984 ya san Adar ba da biro aka raya ta ba.

Kai mai karatun gudanarwa, ka taɓa zama ka rubuta abin da gonar babanka ke ci da abin da take bayarwa? Iri nawa, taki nawa, dame nawa aka ɗaure bara, nawa aka ci, nawa aka sayar da kaka da arha aka dawo aka saya da bazara da tsada? Wannan ma lissafin kuɗi ne.

Zinariya_227
Lissafi ne, amma tsoho ba ya buga hatimi. Ranar da zai nemi aiki takarda za a tambaye shi. Duk sanarwar ɗaukar ma'aikata da ka gani sai an ce ana son wanda ya taɓa aiki shekara ɗaya ko biyu. A ina sabon ɗalibi zai samo su in ba daga irin wannan wata biyun ba?

Injiniyan_Tassa
Ban ce ƙarya kika yi ba. Haushi dai nake ji.

Rakiya_Talaje
Kowa ya wuce maganar zama gidan kawu kamar ba komai ba ce. Ku maza da sauƙi. Ni gidan ƙanwar babana na zauna lokacin nawa istajin. Asuba in share tsakar gida, in ɗora koko, in yi wa yara uku wanka in shirya su, sannan in yi wanka in ruga neman faba-faba. In dawo shida da rabi ƙafafuna kamar ba nawa ba, in tarar da tulin kwanoni suna jirana, wai "ƴar buro ta dawo". Ba mugunta take yi mini ba, ita a ganinta wanda ya wuni zaune a ɗaki mai sanyi bai yi aikin komai ba. Rahotona a kan tabarma na rubuta shi da fitilar waya bayan kowa ya kwanta.

Ɗan_Kalfu, ko kai namiji ne, ka shirya. Kai ne mai sayo gas, kai ne mai kai yara makarantar allo, kai ne mai tsaron shago ran Lahadi. Kuma kada ka shiga gidan hannu rabbana. Ko ƴar tiya biyu ta wake ka riƙo wa matar kawu daga gida.

Hajiya_Bukoki
Rakiya, to ai gidan da ka ci ka kwana dole ka taɓa aiki. Mu ma da muke karɓar ƴaƴan dangi ba ƙaramin nauyi ba ne. Bara ɗalibai huɗu ne a gidana, buhun shinkafa ba ya kai ƙarshen wata.

Rakiya_Talaje
Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Allah ya saka. Don dai ya san abin da zai tarar ne.

Abu_Takarda
Wani abu da ba wanda ya faɗa. Kafin ka taka ƙafa a kamfanin, ka tabbata akwai yarjejeniyar istaji a rubuce, makaranta ta sa hannu, su ma sun sa, da ranar farawa da ranar gamawa da sunan wanda zai kula da kai. Ni na yi wata huɗu a wani wuri da baki kawai. Da na zo karɓar takardar shaida aka ce wanda ya ɗauke ni an yi masa canjin wurin aiki, sabon kuma ya ce bai san da ni ba. Sawu bakwai na yi. Wata huɗu suka tafi a iska.

Na biyu, ka sayi ƙaramin littafi, kullum kafin ka tashi ka rubuta abin da ka yi da abin da ka gani, ko layi uku ne. Ranar rubuta rahoto za ka gode mini. Na uku, in ka karɓi difulom ka je ka yi rajista a ANPE, hukumar kula da samar da aikin yi, ka karɓi katin mai neman aiki, wurare da yawa suna tambayarsa.

Mai_Shayin_Fada
Littafina da na rubuta: Litinin, dambu. Talata, dambu. Laraba, injin ya lalace, hutu.

Modibbo_Abalak
Ni dai ina mamakin yadda Ba'are bai shigo ya ce a tsaya Dogon Dutsi a gaida sarakunan duniya ba. Ko kuɗin intanet ɗinsu ya ƙare?

Ba'are_Na_Matankari
Muna nan, Bafillace. Muna jira ka gama kirga shanun mutane ne. Ɗan_Kalfu, in kun iso Dutsi ka nuna wa baƙonka duwatsun ta taga, ka ce masa daga nan ya shigo ƙasar iyayen gidan Modibbo.

Ɗan_Cirani_Ajame
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don maganar ta zo kusa da ni. Ni ne irin yayan nan da ke Abijan. Shekara shida ina tura kaya a Ajame. Na bar lakwal a aji huɗu na kwaleji don a samu na sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, kuma don ƙanena ya ci gaba. Duk wata in na aika kuɗi gida, rabi nasa ne.

In na ji ƙanen nan nawa ya samu ƙofa ya bar ta ya koma maimai, wallahi sai na yi kuka. To ni don me nake kwana mu takwas a ɗaki ɗaya? Ɗan_Kalfu, ka kira yayanka kafin ka yanke komai. Kada ka ji kunyar tambayarsa kuɗin ƴan ƙwadago. Yau da Nita ko Amana kafin ka ajiye waya kuɗi sun isa Tawa. Mu abin da ke ƙona mana rai ba roƙon ba ne, a yanke shawara ba a tambaye mu ba, sai ka ce mu injin kuɗi ne kawai.

Tsohon_Mushe
Allah shi yi ma albarka, ɗan cirani. Amma ka lura, kai ma kuɗɗi ka aika, ba ka zo ba. Abin da ni ce ke nan tun farko.

Ɗan_Cirani_Ajame
Na ji, Baba. Ba ni da amsa.

Umma_Ilela
A da gayya ake kira. Tsoho ya sa a dama fura, a yi tuwo, samarin unguwa su taru da maroƙi su share gonar kafin azahar. Yanzu ina samarin? Ka shiga ƙauyukanmu bayan girbi ka ƙirga mazan da ke tsakanin shekara 18 da 40. Wasu da damina suna dawowa, wasu sun daina.

Ɗan_Kalfu
Jama'a na gode, ban zaci za a amsa haka ba. Ga inda aka kwana.

Na kira yayana jiya da dare kamar yadda Ɗan_Cirani ya ce. Faɗa ya fara yi mini, wai don me sai yanzu. Da safe ya aiko jika 20. Na kira Baba na gaya masa an samu na ƴan ƙwadago. Ya ce, "Madalla. Kuɗi dai ba su san inda gonar ta yi kwari ba." Inna kuma ta karɓe wayar tana tambayata ko a ofis ɗin ana ba mutane abinci.

Na je kamfanin na tambayi maganar yarjejeniya, Abu_Takarda. Sakatariya ta ce in kawo daga makaranta za su sa hannu, amma darakta ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Na tambaya ko za a iya ɗaga mini farawa zuwa 15 ga wata, ta dube ni ta saman tabarau ta ce akwai mutum shida a bayana.

Mun sayi tikitin Alhamis, mu uku. Bazabarmen har ya sayi hula da tabarau kamar mai zuwa Makka. Zan samu kwana takwas a gida in Allah ya yarda, abin da hannu shida suka iya nomewa a kwana takwas za mu nome, ko da yake ina shakkar hannu biyu daga ciki. Na komowa ban saya ba tukuna. Sai na zauna da tsoho.

Zinariya_227
Sayi na komowa tun yanzu. Na san abin da nake faɗa. In ka ga idon Inna ba za ka iya ba.

Injiniyan_Tassa
Kada ka saya. Ka je da zuciya ɗaya ka ji abin da zai ce, ba ka je masa da tikiti a aljihu ba kamar mai zuwa sallama.

Harobanda_Ize
Hannu biyun da kake shakka na ɗan uwana ne ko? Za ka sha mamaki. Mu da hauya mai dogon ƙota muke noma a tsaye, ba ma duƙawa kowa.

Bagobira_Yar_Tsibiri
Ku tanadi man zafi da ƙyallen ɗaure hannu. Kafin azahar zai ce a mai da shi Doso.

Lissafi_Dole
Jika 20 ba za ta gama maimai ba in gonar ta wuce kadada uku, sai dai in ku ukun kun rage da yawa. Ka tambayi farashin yini a can ka dawo ka faɗa mana.

Umma_Ilela
Ɗan_Kalfu, motar wane kamfani kuka saya, kuma ƙarfe nawa? Ina da ɗan ƙunshin magani da zan aika wa gwaggona, in ba zai dame ka ba. Wani yaro zai tare ka a Badagishiri ya karɓa, ba sai ka sauka ba.

Ɗan_Kalfu
Ba damuwa Umma. Ta ƙarfe biyar ce. Ki turo mini lambar yaron ta akwatin sirri, kuma a rubuta suna a jikin ƙunshin, don kawu ma ya haɗo ni da buhu biyu da wata tsohuwar fanka.